Kunkurun Yaya Ernestine da Laktayen Mai Girma

Jama'a, duk wanda ya gan ni ranar wata Asabar a cikin bas, rungume da baho, wandona jiƙe har gwiwa, fasinjoji suna ta matsawa daga kusa da ni, to ya daina yaɗa cewa Cornelius ya fara taɓuwa. Lafiyata ƙalau. Kunkuru na raka gida. Na daɗe ina haɗiye labarin don kada hawan jinina ya tashi, amma abin da na ji a rediyo jiya ya sa dole in amayar da shi.

Da sassafe ne, ko kofi ban kurɓa ba, sai ga Yaya Ernestine tana dukan ƙofata kamar gobara ta tashi. Maƙwabciyata ce ta hannun dama a layin Dunmore, dattijuwa da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Rabin 'yan sandan unguwar nan da cokalinta suka girma, shi ya sa har gobe ba ta tsoron mai kaki.

"Direba, fito. Na yi baƙo."

Haka take kirana, ko da yake na daɗe da ajiye tuƙin bas.

"Da farar safiyar nan? Darnell ne ya zo?" Darnell ɗanta ne, yana can Atlanta.

"Da Darnell ne ai da ka ji guɗa. Wannan ya zauna mini a matakala, kuma ko gaisuwa ba ya amsawa."

Na bi ta. Ɗakin ƙasa ya cika da ruwa, kamar yadda ya saba tun da aka fara inganta mana unguwa, sai dai na ranar ya wuce na kullum. Injin ɗumama gida ya nutse har wuya. Kwalayen kayan marigayi Lamar, mijinta, suna ta yawo a kan ruwa. A kan matakala kuwa ga wani ƙaton kunkurun ruwa, irin mai cizon nan, faɗinsa ya kai murfin kwandon shara, bayansa duk gansakuka, wutsiya kamar ta kada. Ta tagar da ruwa ya fasa ya shigo. Ya dube ni, na dube shi. Ya wage baki ya yi wani huci. Na hau sama da baya, ban san gwiwoyina suna da sauran irin wannan ƙarfin ba.

Hayaniya ta jawo Stash, tsohon mahaucin da ke tsallaken titi, mutumin da bai taɓa ganin dabba ya ga wani abu ban da tukunya ba. Ya leƙa, ya lashe baki.

"Ernestine, kakata tana da wata miya. Albasa, seleri, ɗan ruwan tsami..."

"Stash, ka taɓa shi ka gani. Shi ma ruwa ne ya koro shi, kamar ni."

Sai ta ɗauki waya. Ku kuma kun san yadda waya take a garin nan. Ofishin ruwa suka ce su ruwa suka sani, ba dabba ba. Ofishin dabbobi suka ce kare da kyanwa suka sani, kuma ma ba sa shiga gidan da ke da ruwa a ciki, sai ofishin ruwa ya fara kwashewa. Ta kira Fadamar Mallory, wato wurin da aka killace a ƙarshen unguwarmu domin tsuntsaye da kwaɗi su huta. Wata murya mai zaƙi ta ce suna kare duk dabbar da ke cikin shinge da iyakar ƙarfinsu.

"To wannan naku ne, ya fito."

"Ayya, Mama, in ya fita shinge ai ya zama ɗan gari."

Ɗan gari! Na ce to madalla, sai ya shirya biyan haraji da jiran bas.

Ta ajiye wayar ta ce, "Direba, kawo shebur ɗinka na kwasar ƙanƙara. Tunda ba za su zo ba, mu za mu je."

Yadda muka sa shi a baho, wannan tsakaninmu da Allah ne. Abin da zan iya faɗa shi ne shebur ɗin yana nan da tabo, Stash kuma ya yi wasu kalmomi cikin harshen kakarsa da ban nemi fassara ba. Muka rufe da tsohon bargo, muka ɗora a kan keken cefanenta, muka nufi tasha, don motata tana wurin makanike.

Bari in ɗan tsaya a nan in yi godiya, kada a ce ba mu da tarbiyya. Muna godiya ga Mai Girma Uban Tsuntsaye, Garkuwan Agwagi, Mai Hawaye Kusa In An Kunna Kyamara, wanda ya tsaya a cocinmu lokacin zaɓe, hannu a ƙirji, ya rantse ko taku ɗaya na fadamar nan ba za a taɓa ba. Kuma ya cika alkawari, ba taku ɗaya aka taɓa ba. Ɓangaren gabas gaba ɗaya aka yanka aka ba masu gina manyan sito-sito na ajiyar kaya. Tun daga lokacin tifofi suke zuba tsakuwa a inda ruwa yake kwanciya. Shi kuma ruwa, da yake ba a gayyace shi taron ba, bai san an canza tsari ba. Ya zo ya tarar da wurin kwanansa an cike, sai ya gangaro layin Dunmore ya nemi masauki. Mun yi ƙorafi, an ce ana nazari. Mun sake yi, an ce an kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna a wani otal mai hawa da yawa, inda ruwa ba zai dame shi ba.

To, mun shiga bas. Direbar wata yarinya ce da ni na koya mata hanyar nan kafin in yi ritaya. Ta dubi bahon, ta dube ni.

"Baba Cornelius, me ke ciki?"

"Fasinja ne, 'yata. Dattijo ne, kyauta yake hawa."

Bargon ya motsa. Ta ce, "Ban gani ba, ban ji ba. Amma ku zauna can baya."

A zamanina bas ɗin nan har ƙofar fadama yake kai mutum. Yanzu an inganta shi, a gidan mai yake tsayawa, sai ka ƙarasa da ƙafa ta gefen babbar hanya, inda babu wurin tafiyar mutane. Haka muka yi ta tura keken cefane, manyan motoci suna watsa mana ruwa, Yaya Ernestine tana tsayawa tana dafe ƙugu tana maida numfashi.

Duk da haka, da muka iso inda ake hango fadamar, sai ta saki keken ta tsaya kallo. Ni ma na tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, wurin nan yana da kyau. Ga tankunan matatar mai a bayansa, ga jirage suna sauka a kansa, amma a tsakiya ga ruwa shimfiɗe, bado ya rufe gefensa, dogayen ciyayi suna kaɗawa, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya ko a jikinsa.

"Ka ga waccan bishiyar da ta karkata?" in ji ta. "Nan Lamar yake zama da fatsarsa. Lokacin nan juji ne, Direba, ka tuna. Tayoyi, firji, har da mota guda. Mu matan coci muka shiga da takalman roba duk Asabar, muna jan taya muna waƙa. Na yi wata guda ina warin taɓo. Sai da ya yi kyau suka zo da shinge da allo."

Na tuna. Allon yana nan, an rubuta sunayen manya a jiki da ruwan zinare. Babu sunan ko ɗaya daga cikin matan.

A bakin ƙofa muka tarar da baƙaƙen motoci a jere, da balan-balan, da wani ƙyalle da aka rubuta Ranar Buɗe Fadama Ga Jama'a. Mai gadi ya tare mu.

"Ku yi haƙuri, Baba. Yau a rufe yake."

"A rufe? Ga shi an rubuta ranar buɗe wa jama'a."

"Shi ya sa. Sai mai katin gayyata."

Ku dai ku riƙe wannan, ku da kuke cewa ƙirƙira nake yi.

Muna cikin haka sai ga wani matashi da waya maƙale a kunne, riga a goge, yana tafe yana faɗa da iska. Sunansa Tanner, an rataya masa a wuya don kada ya manta. Shi ne mai shirya wa Mai Girma inda zai tsaya da inda zai yi murmushi. Daga abin da yake ta ihu a waya na gane matsalarsa: an yi hayar wata mujiya da Mai Girma zai saki a gaban 'yan jarida, ita kuma mujiyar tana can cunkoson motoci ya riƙe ta a kan gada.

Sai kunkuru ya ture bargo ya leƙo.

Tanner ya tsaya cak. Na ga fuskar mutumin da addu'arsa ta karɓu.

"Mama! Wannan naki ne? Mai rai ne?"

"Naku ne. A ɗakina na same shi. Ruwanku ne ya kawo shi, kuma ina son in ga wanda zan yi wa magana a kan..."

"Za ki gan shi, Mama, ido da ido! Ku shigo, ku shigo. Manyan baƙi ne!"

Ta dube ni. Na san abin da ke ranta. Shekara da shekaru tana neman wanda zai saurare ta, ga shi kunkuru ya buɗe mata ƙofar da katin zaɓe bai buɗe ba. Ta gyara hularta, muka shiga.

Abin da idona ya gani a ciki, Allah ya sa kada jikokina su gani. Daidai ƙarƙashin allon da ya ce a yi shiru saboda tsuntsaye, an kafa lasifika manya-manya da janareta. Da aka gwada su, duk wani mai fiffike a fadamar ya tashi sama lokaci guda, har zalɓen nan mai haƙuri ya tattara ƙafafunsa ya nufi wajen matatar mai, inda ya fi samun natsuwa. An yanke ciyayin bakin ruwa ƙasa-ƙasa don kada su tare wa manyan baƙi kallo, ciyayin da tsuntsayen suke ɓuya a ciki. Sabuwar gadar katako da aka zo buɗewa kuwa, kyakkyawa ce, sai ƙamshin fenti take. Na ɗan taka ta. Daidai inda idon kyamara yake ƙarewa, nan ita ma ta ƙare, sai turaku tsirara a cikin ruwa.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne bayan mumbari. An kafa wani ƙaton hoto, tsayinsa ya kai gida, hoton fadama da rana tana faɗuwa da agwagi suna shawagi. Na zagaya bayansa don in ga me yake rufewa. Tifofi ne a jere, cike da tsakuwa, direbobin suna cin burodi suna jiran a gama jawabi su ci gaba da zubawa. An rufe fadama da hoton fadama. Wanda ya yi wannan tunanin, a ƙara masa girma, ya cancanta.

Na dawo na tarar da Yaya Ernestine tsaye a bakin ruwa tare da Tanner, tana kallo tana yamutsa fuska.

"Ɗan nan, ni fa na san wurin nan. Ban taɓa ganin ya cika haka a wannan lokacin ba."

Tanner ya washe baki, ya ji an yaba aikinsa.

"Kin lura ko, Mama? Dabarata ce. Tun tsakiyar mako na sa aka rufe ƙofar da ruwa yake fita zuwa kogi. In ba haka ba duk taɓo ne zai fito a hoto, Mai Girma kuma ba ya son taɓo. Sai ga ruwan sama ya zo ya taimaka mana. Kin ga yadda yake ƙyalli?"

Yaya Ernestine ta juyo. Ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai. Injin ɗumama gidanta, kwalayen Lamar, hotunan aurensu da na ga suna yawo a ruwa da safe, duk don kada taɓo ya fito a hoto.

"Yana ƙyalli," in ji ta a hankali. "Sosai."

Na kama hannunta na ce, "Yaya, mu tafi gida."

"Sake ni, Direba. An ce ido da ido."

Aka fara jawabai. Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba a taɓa buɗe ko makewayi a garin nan babu shi ba, ya gode wa Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Kwamitoci. Shi kuma ya gode wa Sarkin Almakashi. Su biyun suka haɗu suka gode wa Uban Tsuntsaye. Sannan shi Uban Tsuntsayen ya hau, sanye da kwat da jan laktaye mai sheƙi ɗaure a wuya har cibiya, da sababbin takalman roba da ko takardar kanti ba a cire musu ba. Ya ce tun yana yaro yake son kwaɗi. Ya ce fadama huhun gari ce. Ya ce jikokinmu za su tambaye mu. A nan muryarsa ta karye, ya tsaya, aka ɗauki hoton hawayen, ya ci gaba.

"Kuma yau," in ji shi, "domin nuna cewa ba magana kawai muke yi ba, zan mayar da wannan bawan Allah gidansa da hannuna, wanda ma'aikatanmu suka ceto cikin sadaukarwa."

Ma'aikatanmu. Na dubi wandona, na dubi Yaya Ernestine.

Aka jawo bahon gaban kyamarori, aka yaye bargo. Aka ce ita ta tsaya a gefe ta yi murmushi, a matsayin al'umma. Mai Girma ya sa fararen safar hannu. Tanner ya raɗa masa cewa ya ɗan sunkuya, ya dubi dabbar da tausayi. Ya sunkuya. Laktayen ya sauko yana lilo, ja, mai sheƙi, daidai hancin wanda aka kwasa da shebur, aka jijjiga a bas, aka kunna wa janareta a ka.

Ban ga lokacin da wuyan ya fito ba. Ƙara kawai na ji, kaf!

Jama'a, kunkurun nan ya kama laktayen, ya ja kansa ciki, ya kafe ƙafafu. Mai Girma ya yi ƙoƙarin miƙewa, bahon ya ɗago, wuyansa ya shaƙe, ya koma. Ya sake gwadawa, ya koma. Ga shi nan a duƙe, hannuwa a gwiwa, fuska ta yi jawur, kansa daidai ƙirjin Yaya Ernestine. Masu tsaronsa suka yo kansa, kunkuru ya yi huci ta hanci, suka tuna suna da iyali.

Ita kuwa ta matso, ta dafa bakin bahon don kada ya kife, ta sunkuyo daidai kunnensa. Abin maganar da aka maƙala masa a kwat yana kunne, don haka har direbobin tifa sun ji.

"Ranka ya daɗe, tunda Allah ya sa ka duƙa, bari in yi magana. Sunana Ernestine Gaddy, layin Dunmore. Ka ci soyayyen kifina a coci, ka ce ya fi na mahaifiyarka. Ka tuna?"

"Mama... a kira... a cire..."

"Za a cire. Ba ya saki da wuri, sai ka yi haƙuri, mu ma haƙurin muke yi. Wannan ruwan da kake gani yana ƙyalli, rabinsa yana ɗakina. Yaronka ya rufe ƙofa don kada takalminka ya ga taɓo. Injin ɗumama gidana ya mutu, sanyi yana tafe, ni kuma na haura saba'in. Hotunan mijina suna iyo. Wannan da ya riƙe ka, ba ma'aikatanka suka ceto shi ba, ni da Direba ne da shebur. A can bayan hoton nan gidansa yake, inda motocinka suke jira. To ka faɗa mini, ni da shi, ina kake so mu koma?"

Mai Girma ya buɗe baki da ƙyar.

"Za a... za a duba, Mama. Na yi alkawari."

"Wancan karon ma hannunka a ƙirji yake."

A ƙarshe Sarkin Almakashi ne ya kawo ɗauki. Ya zo da ƙaton almakashin nan na zinare da aka tanada don yanke ƙyallen buɗe gada, ya datse laktayen. Na shekara ina ganin almakashin nan a jarida, ranar ce kaɗai na ga ya yi aikin da ya amfani wani. Mai Girma ya miƙe da guntun laktaye a wuya, aka rufa masa baya zuwa mota. Ba a yanke ƙyallen ba. Ba a ci kek ɗin da aka kawo don bikin ba, sai direbobin tifa ne suka taimaka.

Mu biyu muka ja bahon zuwa ƙarƙashin bishiyar Lamar, muka karkata shi. Kunkuru ya sauka a hankali, ya shiga ruwa da jan ƙyallensa a baki, bai waiwayo ba. Yaya Ernestine ta daɗe tana kallon inda ya nutse. Sannan ta zauna a kan gindin bishiyar ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi a gaban manya ba. Na tsaya ina kallon jirage, don in ba ta wuri.

Na san kuna jiran in ce daga nan komai ya gyaru. Ni ma na so haka. Wani ya ɗauki abin a waya, ya zaga gari, har Stash ya zama mai ba da labari a shagon aski kamar yana wurin. An buɗe ƙofar ruwan a ranar, ruwa ya janye ya bar mata taɓo da wari. An ce an canza wa Tanner wurin aiki, daga baya muka ji wurin da aka kai shi ya fi na da. Tifofi sun huta na ɗan lokaci don girmama ra'ayin jama'a, sannan suka dawo da ƙarfinsu.

Hukuma kuwa ba ta manta da Yaya Ernestine ba, a yi mata adalci. Ta aiko mutum biyu. Na farko ya duba ɗakin ƙasa ya ce lallai ruwa ya shiga, amma tunda gidan yana wurin da ruwa yake shiga, ba laifin kowa ba ne. Na biyu ya zo ya yi mata gargaɗi cikin ladabi cewa doka ta hana ɗaukar namun daji a motar haya.

Sanyi ya shigo. Muka haɗa mata 'yan na'urorin ɗumama ɗaki, matata Odessa tana kai mata miya, Stash ya yi kwanaki yana kankare bango. Amma danshin ya riga ya shiga gidan, daga gidan ya shiga ƙirjinta. Tari ya ƙi tsayawa. Da aka kwantar da ita asibiti karo na biyu, Darnell ya zo da babbar mota, bai tambayi ra'ayin kowa ba. Ta yi faɗa, ta ce a gidan nan ta haife shi, a nan Lamar ya cika. Ya ce, "Mama, ba zan bari in zo ɗaukar gawa ba." Ta fara haɗa kayanta.

Ranar tafiyar ta ba ni mabuɗin gidan, ta ce in riƙa leƙawa. Ta riƙe hannuna ta tagar mota.

"Direba, ka ci gaba da rubutun nan naka na jarida. Ba ya gyara komai, amma yana ba su haushi."

Layin Dunmore ya yi shiru tun daga ranar. Babu mai dukan ƙofata da safe, babu mai kiran ofisoshi tana riƙe da waya a kafaɗa tana yanka albasa.

To jiya ina shan kofi sai na ji Mai Girma Uban Tsuntsaye a rediyo, murya garau. Ya ce yana farin cikin sanar da jama'a cewa sakamakon matakan da aka ɗauka, ƙorafin ambaliya daga layin Dunmore ya ragu ƙwarai da gaske, har ma a watan nan ba a samu ko ɗaya ba.

Na leƙa ta taga na kira Stash na faɗa masa. Ya ajiye tsintsiya ya yi tunani.

"To ai bai yi ƙarya ba, Cornelius."

Bai yi ba kuwa. Shi ya sa nake ba sauran unguwanni shawara su yi hattara da kai kuka, don manyanmu sun gano maganin ƙorafi, kuma yana aiki. Ni dai Odessa ta ce in rage surutu, wai ba mu da ɗa a Atlanta.